Tashar da Na Cire wa Baba

Tun bayan rasuwar mahaifiyarmu ni nake biyan kuɗin talabijin na gidan Baba. Kamfanin kebul na garinmu Tongyeong yana cire kuɗinsa daga asusuna ranar ashirin da biyar ga wata, sau da yawa ma ba na lura. Ina aure a Changwon, ina aiki a wani kantin magani, 'ya'yana biyu. Baba kuwa ya ƙi barin gidanmu na kan tudu, wanda sai ka taka matakala ɗari da arba'in kafin ka kai ƙofarsa. Yakan ce daga can yana hango teku, a gidana kuwa in ya leƙa taga sai shanyar maƙwabta.

Sunansa Ok Man-sik. Mu biyu ya haifa, ni Sunhwa da ƙanena Taegyun. Tun yana firamare Taegyun gola ne, kuma kowa a unguwa ya yarda yaron yana da hannu. Da ya kai shekara goma sha biyar wata makarantar ƙwallo kusa da Seoul ta nemi a kai shi. Kuɗin ya fi ƙarfinmu, sai Baba ya sayar da jirginsa na kamun kifi, ya koma yana bin jiragen mutane. Daga mai jirgi ya zama ɗan ƙodago, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba a wancan lokacin.

Taegyun ya samu ƙungiya yana da shekara ashirin da biyu, amma a matsayin gola na biyu. Ya sauya ƙungiya sau uku, kullum na biyu. Daga ƙarshe ya tsaya a wata ƙungiyar rukuni na biyu can arewa, cikin duwatsu. A shekara goma wasannin da ya kama ba su kai talatin ba.

Ranar ƙarshe ta zaman makokin mahaifiyarmu Baba ya sha giyar soju fiye da kima. Taegyun yana zagayawa da faranti yana kai wa baƙi abinci, sai wani ɗan'uwan Baba ya ce, "Kai, yaushe za mu gan ka a talabijin ne?"

Baba ya riga shi amsawa. "Ku riƙa duba benci, yana nan. Jirgi guda na sayar na saya masa kujera."

Wasu suka yi dariyar dole. Taegyun ya ajiye farantin a hankali. Ya tsaya aka gama komai, aka kai ta makwancinta, sannan ya hau mota. Shekara shida bai sake taka matakalar gidan ba. Lokacin bikin girbi na Chuseok yakan aiko da kwalin 'ya'yan itace ta hannuna, Baba ya ce a ba maƙwabta. Idan labarai suka zo kan ƙwallo sai ya sauya tasha. Na gani da idona ba sau ɗaya ba.

A watan Fabrairun bara kamfanin ya aiko da takarda cewa ya sake tsari. Da can won dubu goma sha tara, kuɗinmu na Koriya, nake biya, duk tashoshi a haɗe. Yanzu sun raba su uku. Ƙaramin tsari dubu goma sha biyar, labarai da wasan kwaikwayo da waƙoƙi. Babban tsari dubu ashirin da shida, kuma can suka kwashe duk tashoshin wasanni suka zuba, har da wadda ke nuna rukuni na biyu. Wata mata daga kamfanin ta kira ni ina tsakiyar aiki, ta yi ta karanto mini garaɓasa kamar mai haddar darasi. Na ce ta bari in tambayi mai gidan. A watan ne babbar 'yata ta fara zuwa darasin yamma saboda jarrabawar shiga jami'a, kuma ni da mijina muna ta neman inda za mu rage.

Na kira Baba.

"Baba, kana kallon tashoshin wasanni kuwa?"

"Me zan kalla a ciki?"

"Tambaya dai nake. Sun ƙara kuɗi, sun ce in ana son wasanni sai an ƙara dubu goma sha ɗaya a kan ƙaramin."

Ina jin ƙarar tukunyarsa a kan wuta.

"Dubu goma sha ɗaya don a kalli ƙatti suna guje-guje? Cire. Ni labarai ne sai masu waƙar nan na ranar Lahadi."

"Ka tabbata?"

"Ke kurma ce? Na ce ki cire."

Na cire. Har na ji daɗi, na gaya wa mijina na yi mana tsimi.

A watan Afrilu golan farko na ƙungiyar su Taegyun ya karye a idon sawu. Taegyun ya turo mini saƙo: "Yaya, ranar Asabar ni zan kama." Shekararsa talatin da uku. Na kalli rabin wasan a waya, a bayan kanta, tsakanin masu sayen maganin mura. Da yamma na gaya wa Baba. Ya ce, "To," sannan ya tambaye ni yaushe zan dawo masa da robar kimchi, kabejin nan da muke tsimawa da yaji, da na tafi da ita.

Nakan je duba shi sau biyu a wata. A watan Mayu na lura gashinsa ya yi ƙasa sosai. A watan Yuni kuwa har fatar kan tana sheƙi.

"Baba, soja za ka shiga ne? Ko wata bazawara ka samu a unguwa?"

"Zafi ake yi," in ji shi. "Ki ajiye kayan ki bar ni."

Ranar wata Lahadi a watan Yuli, ruwa ya kwana biyu yana zuba, wayata ta yi ƙara da misalin ƙarfe uku da rabi. Kawu Pyo ne, mai shagon aski a gindin tudunmu, abokin Baba tun suna samari. Ya ce Baba ya zame a matakala, wasu masu wucewa ne suka gan shi, motar asibiti ta ɗauke shi. Kafin in isa an ɗauki hoto. Ƙashin ƙugu ya karye, sai an yi aiki.

Na tarar da Kawu Pyo a kan benci a bakin ɗakin, wandonsa jiƙe har gwiwa, almakashi yana leƙowa daga aljihun rigarsa.

"Kawu, me ya fito da shi cikin wannan ruwa?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ba ki sani ba, ko kina gwada ni ne?"

"Me zan sani?"

"Ƙarfe huɗu ake take wasa. Wajena zai zo."

Na zauna kusa da shi.

"Tun watan Maris," in ji shi, "duk ranar da yaran nan ke wasa, sai ga shi ya sauko. Ni ina da babban tsarin saboda masu jiran layi. Ba zai ce kallo ya zo ba, a'a, sai ya ce aski. Ya hau kujera ya juya ta wajen talabijin. Na ce masa, Man-sik, me zan aske? Makon jiya na aske, kan nan ko ƙwai ya fi shi gashi. Sai ya ce in yi aikina in karɓi kuɗina. Dubu takwas-takwas yake ba ni, in na ƙi karɓa ya ajiye a kan madubi. Minti casa'in ina zagaya kansa da almakashi ina yanka iska."

"Kafin watan Maris fa?"

"A gida yake kallo mana. Shekara nawa. Ko yaron yana benci sai ya kalla. Ranar Talata ya zo ya ishe ni da zagin koci, wai makaho ne, bai san gola ba ko an ɗaura masa shi a wuya." Ya goge fuskarsa da tafin hannu. "Na ce masa, ka gaya wa Sunhwa ta mayar maka da tashar, nawa ne kuɗin? Ya ce in na buɗe baki zai koma aski wajen matar nan ta bakin kasuwa."

Ina ta lissafin abu ɗaya a kaina, cewa abin da yake ba Kawu Pyo a wata ya ninka abin da na rage sau uku.

Kwana biyu bayan aikin, da hankalinsa ya dawo sosai, na ja kujera kusa da gadonsa.

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Pyo ne ko? Bakinsa ya fi almakashinsa aiki."

"Na tambaye ka fa. Sau biyu na tambaye ka."

"Na ba ki amsa."

"Ba gaskiya ka gaya mini ba."

Ya juya fuska wajen taga. "Kuɗinki ne, ba nawa ba. Kina da yarinya mai jarrabawa." Can kuma ya ce, "Nawa aka tashi ranar?"

"Ɗaya da ɗaya."

"Ta yaya aka ci shi?"

"Ban gani ba, Baba. Ina hanya."

Ya yi tsaki. Sannan ya kama hannun rigata ya ce kada in kuskura in gaya wa Taegyun zancen shagon aski. Na yi masa alkawari.

Na dai gaya wa Taegyun cewa Baba ya faɗi. Ya tambayi sunan asibitin da abin da likita ya ce, ya turo kuɗin mai jinya. Ya ce yanzu kowane mako yana da wasa, in ya ɗaga ƙafa wani zai hau wurin. Ban matsa masa ba.

Baba ya yi wata biyu tsakanin asibiti da wurin koyon tafiya. Talabijin ɗin ɗakinsu ɗaya ce ga mutum shida, kuma ba ta da tashar. Na gwada riƙe masa wayata, ya ce shi tururuwa kawai yake gani suna yawo a kan ganye. Sai ya koma tambayar Kawu Pyo, wanda yake zuwa duk Litinin da yake ranar hutun masu aski ce, ya zauna ya ba shi labarin wasan tun daga farko, yana tashi tsaye yana kwatanta yadda golan ya yi tsalle. Sauran marasa lafiyar har jiran zuwansa suke yi.

Ni kuma na kira kamfanin na ce a mayar da babban tsari. Suka ce in na sa hannu na shekara uku za su rage mini dubu biyu, su kuma ba da sabuwar dikoda mai jin magana, mai iya tsayar da hoto da mayar da shi baya. Na ce su kawo duk abin da suke da shi.

Ranar da aka sallame shi, a tsakiyar Satumba, mijina da wani maƙwabci ne suka hau da shi matakalar a goye, suna karɓa-karɓa. Mun mayar da gadonsa falo. Da rana mai haɗa dikodar ya zo, wani mai furfura da ake kira Bang, yana haki saboda hawan. Ya cire tsohuwar, ya haɗa sabuwar, ya miƙa wa Baba rimot.

"Baba, wannan ba sai ka haddace lamba ba. Ka danna nan ka yi mata magana, tana ji."

Baba ya riƙe rimot ɗin kamar mai riƙe da ɗanyen kifi, ya ce da harshenmu na kudu, "Kai ni wajen ƙwallo."

Wata muryar mace ta fito daga dikodar, ta ce ba ta gane ba, a sake faɗa. Ya sake. Ta kawo masa tashar da ake tallan tukwane.

"'Yar Seoul ce," in ji Baba. "Ba ta jin maganar masunta."

Bang ya yi dariya ya ce ko shi sai ya gyara harshe kamar mai karanta labarai. Ya rubuta lambar tashar da manyan baƙaƙe a takarda ya manna a jikin bango. Sannan ya nuna masa maɓalli biyu, na tsayarwa da na komawa baya. Baba ya sa ya maimaita sau uku.

"Wasannin da suka wuce fa?" in ji Baba. "Na watan Yuli da Agusta."

"Kwana bakwai kawai take ajiyewa. Na manyan ƙungiyoyi akan same su a saya, amma na rukuni na biyu ba sa ajiye su."

Ranar Asabar na zo da wuri, na dafa masa miyar kifi, muka zauna tun kafin a fara. Aka nuno sunayen 'yan wasa. Sunan da ke saman jerin ba na Taegyun ba ne. Golan farko ya warke, kuma ranar ce ya dawo.

Na ce ko in kashe, Baba ya ɗaga mini hannu. Muka kalli wasan gaba ɗaya. Ana saura minti kaɗan a tafi hutu kyamara ta bi kocin yana masifa, ta wuce ta kan benci. Ga Taegyun a ƙarshen layi, ya harɗe hannuwa, yana tauna wani abu. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba aka ɗauke.

Baba ya lalubi rimot. Ya danna ba daidai ba, sauti ya ƙaru. Ya sake dannawa, hoton ya koma baya da gudu har ya wuce wurin. Na miƙa hannu zan karɓa, ya janye. A karo na huɗu ya samu, ya tsayar. Fuskar ta ɗan yi dishi-dishi saboda kyamarar tana tafiya. Ya daɗe yana kallo.

"Ya rame," in ji shi. "Ba sa ba su abinci ne a can?"

Haka muka yi sauran Satumba da farkon Oktoba. Minti casa'in muna jiran a nuno benci. Wata rana sau biyu, wata rana ko sau ɗaya. Ya gane cewa in an kusa dawowa daga hutu akan nuno 'yan benci suna motsa jiki a bayan raga, don haka ko ban-ɗaki ba ya yarda a kai shi a lokacin. Mai jinyar da ke zuwa da safe ta gaya mini cewa a tsakiyar mako ma yakan koma wasan Asabar ya nemo wurin, har kwana bakwan su cika ya ɓace. Bai taɓa kiran sunansa ba. Sai dai ya ce "na bencin nan".

Tafiya kuwa ta ƙi. Likita ya ce ƙashin ya haɗu, amma Baba ba ya wuce taku goma da sandarsa mai ƙafa huɗu. Abinci ma sai an yi da gaske. Mutumin da ya yi shekara hamsin a kan ruwa ya koma daga gado sai kujera.

A tsakiyar Oktoba na karya alkawarin. Ina cikin mota a gindin tudun, kafin in kama hanyar gida, na kira Taegyun na gaya masa duka: tashar da na cire, shagon Kawu Pyo, askin, da maɓallin tsayarwa.

"Yaya, me kike so in yi da wannan labarin?"

"Ban sani ba. Na gaji da riƙe shi ni kaɗai."

"Shekara shida, ko sau ɗaya bai ɗaga waya ya kira ni ba."

"Kai ma haka."

Ya ja numfashi. "Ranar Litinin ba mu da atisaye."

Awa biyar ya yi a mota. Na ɗauki hutu na je na tarbe shi a tasha. Da muka zo wucewa ta shagon Kawu Pyo a rufe yake, Taegyun ya ɗan tsaya ya leƙa ta gilashi, sannan muka hau. Ban gaya wa Baba zai zo ba. Yana zaune a kujera da bargo a cinya, ana nuna masu waƙa. Taegyun ya cire takalmi, ya shiga, ya durƙusa ya kai goshi ƙasa ya gaishe shi kamar yadda ake yi.

Baba ya dube shi, ya dube ni.

"Ke da Pyo uwarku ɗaya," ya ce mini. Sannan ya ce da shi, "Ka ci abinci?"

"A'a, Baba."

"To me kike jira?"

Na shiga kicin na bar ƙofar a buɗe. Can Baba ya rage sautin masu waƙar.

"Wasan nan na watan Yuni, da aka ci ku biyu. Ƙwallon farko."

"Bugun kusurwa."

"Me ya fitar da kai? Mutum uku a gabanka, ka fito kana iyo a iska."

"Na kira, mai tsaron bayan bai ji ba."

"Bai ji ba ko ba ka buɗe baki ba? Tun kana yaro muryarka a ciki take."

"Na biyun fa? Shi ma laifina ne?"

"Na biyun ko wa aka sa sai ya shiga." Ya ɗan yi tari. "Fenaritin da ka kaɗe a watan Mayu, ta ina ka san hagu zai buga?"

"Ƙafar da ya kafa na duba."

"Haka na gaya wa Pyo. Ya ce wai sa'a ce. Mutumin da bai taɓa kama ko ƙwallon tsumma ba."

Na ji Taegyun ya yi 'yar dariya ta hanci. Da na fito da abinci na tarar Baba ya riƙe hannunsa na dama yana jujjuya shi. Yatsu biyu sun karkace, ƙaramin ba ya miƙewa sam. Baba yana danna gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan yaushe?"

"Shekara huɗu. A atisaye."

"A atisaye," in ji Baba, ya saki hannun.

Suka ci abinci. Baba ya ci fiye da yadda ya saba, yana tura wa Taegyun kifi da sandunan cin abincinsa ba tare da ya dube shi ba. Ina ta jiran ɗayansu ya taɓo maganar ranar makoki. Babu wanda ya taɓo. Taegyun ya ce wannan ce kakarsa ta ƙarshe, ƙungiyar ba za ta sabunta masa ba, amma koci ya yi masa alkawarin shi zai kama wasan rufe kaka, ranar tara ga Nuwamba, a gidansu.

"Ƙarfe nawa?"

"Ƙarfe biyu."

Baba ya sa na rubuta a jikin takardar da ke bango, ƙarƙashin lambar tashar.

Motar ƙarfe huɗu zai bi. Da ya tashi ya sake durƙusawa, ya ce in an rufe kaka zai zo ya kwana biyu. Baba ya ce, "Ka ga dama." Muna bakin ƙofa ya ƙwala mini kira, ya ce in ɗauko busasshen kifin da ke saman firji in ba shi, duka jakar.

Kwana goma bayan nan mai jinyar ta kira ni ta ce jikinsa da zafi, numfashinsa yana ƙara. Sanyi ne ya shiga huhunsa, abin da likita ya yi ta gargaɗi a kai ga tsohon da ya daɗe a kwance. Aka sake sauko da shi matakalar, wannan karon a kan gadon ɗaukar marasa lafiya na 'yan motar asibiti. Ya yi mako guda. Kwana uku na farko yana magana, har ya tambaye ni yau nawa ga wata. Daga nan aka sa masa abin numfashi. Taegyun ya taso ranar Alhamis da safe. Yana hanya, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, Baba ya cika. Bakwai ga Nuwamba.

Taegyun ne ɗa namiji, shi ya tsaya a gaban hoton Baba kwana ukun makoki da baƙar kwat da ƙyalle a dantse, yana amsa gaisuwar masu zuwa. Ranar ta uku, wadda muka kai Baba kusa da mahaifiyarmu, ita ce ranar wasan. Ƙungiyar ta aiko da furanni da mutum biyu. Wani yaro ɗan shekara ashirin aka sa a raga. Kawu Pyo ya zo duk kwana ukun, ya zauna a lungu, bai yi wa kowa ba'a ba.

Mako guda bayan haka muka hau gidan mu biyu don mu kwashe kaya. Na kira kamfanin na ce a yanke. Matar ta ce saura wata talatin da huɗu a yarjejeniyar, akwai tara, sai dai in zan turo takardar shaidar rasuwa. Ta ce kuma a haɗa dikoda da rimot da wayoyinsu, za a zo a karɓa. Ta yi mini ta'aziyya, sannan ta tambaya ko ina so a mayar da tsarin gidana. Na ce a'a.

Taegyun yana naɗe wayoyin a hannunsa. Na ce masa, "Da ban cire tashar ba, da yana nan zaune."

"Da na zo tun bara fa? Ko bara waccan?" Ya sa wayoyin a leda ya ɗaure. "Yaya, bar shi. In muka fara wannan ba za mu gama kwashe kayan nan ba."

Muka ci gaba. Tufafin muka kai coci, tukwanen maƙwabciya ta karɓa. Gidan har yanzu ba a samu mai saye ba, kowa ya zo ya ga hawan sai ya ce zai yi shawara.

Taegyun yana Jinju yanzu, yana koyar da masu tsaron raga a wata makarantar 'yan mata. Albashin ba yawa, amma sun ba shi ɗaki. Tafiyar awa ɗaya ce daga gidana, yakan zo cin abinci wata Lahadin. 'Yata ta ci jarrabawarta, ta tafi Daegu karatun aikin jinya. Ni kuma na koma aikin safe a kantin, don in riƙa dawowa gida da wuri.